Nasara Ba Ta Sayen Ƙauna: Kociyoyin Jami'o'in Amurka da Magoya Baya Suka Ƙi Runguma

A farkon Janairun 2001 Jami'ar Ohio State ta sallami kocin ƙungiyarta, John Cooper, bayan ya shekara 13 yana riƙe da ita. A wannan tsawon lokaci ya ci wasa 111, an cinye shi 43, an tashi canjaras sau 4. Sau uku ƙungiyarsa na cikin waɗanda suka raba kambun gasar Big Ten, sau biyu kuma ta ƙare kaka tana ta biyu a duk faɗin Amurka. A 2008 an sa sunansa cikin gwarazan da ake karramawa a tarihin wasan. Duk da haka, ranar da aka sallame shi ba a yi wani dogon jimami a birnin Columbus, mazaunin jami'ar, ba. Da yawa daga magoya baya gani suka yi ma an makara.

Ba Cooper kaɗai ya gamu da wannan ba. A tarihin ƙwallon jami'o'in Amurka akwai jerin mutanen da suka ci wasa uku cikin kowane huɗu, wasu har suka ɗauki kambun ƙasa, amma suka bar aiki ba tare da jama'ar da suka yi wa hidima ta taɓa ɗaukarsu a matsayin nata ba. Tambayoyi biyu ne ke tasowa a nan. Me magoya baya ke nema wanda yawan nasara bai isa ya biya ba? Idan kuma sun hana mutum ƙauna har ta kai ga rasa aikinsa, gaskiya na tare da su?

Irin wasan da ake magana

Wannan ba tamaular da muka saba kallo ba ce. Wasan ƙwallon Amurka ne mai kama da zari-ruga, inda 'yan wasa ke sa hular kwano da kariyar kafaɗa, su ɗauki ƙwallo a hannu su ruga ko su jefa wa abokin wasa. Akwai gasar ƙwararru ta NFL, amma a kudanci da tsakiyar ƙasar wasan jami'o'i ya fi shiga ran mutane. Filin Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da 107,000, ya ɗara Wembley na Landan nesa ba kusa ba. Na Ohio State da Penn State da Alabama kowanne ya haura 100,000. Jihohi irin su Alabama da Nebraska da Oklahoma ba su da ƙungiyar NFL ko ɗaya, don haka ƙungiyar jami'a ce tutar jiha baki ɗaya, ga wanda ya yi karatu a can da wanda bai taɓa taka harabar ba.

Abubuwa uku ne suka sa aikin koci a nan ya bambanta. Na farko, kakar gajeriya ce, wasa 11 ko 12, kuma sau ɗaya tak ake karawa da babban abokin hamayya a shekara. A Firimiyar Ingila ƙungiya na iya faɗuwa wasa biyar ta kuma ɗauki kofi. A nan kuwa an daɗe faɗuwa ɗaya na rushe burin kaka gaba ɗaya, domin kafin 1998 ƙuri'ar 'yan jarida da ta kociyoyi ce ke fitar da zakaran ƙasa, daga 1998 zuwa 2013 ƙungiya biyu kawai ake zaɓa su buga wasan ƙarshe, a 2014 aka mai da su huɗu, sai a 2024 aka faɗaɗa zuwa 12.

Na biyu, ɗalibai ne 'yan wasan. Ɗan wasa ya yi kaka huɗu ko biyar ya wuce, koci ne kaɗai fuskar da ke zama. Shi ke bin gida-gida yana zawarcin yaran sakandare, ya zauna da iyayensu, ya fuskanci 'yan jarida duk mako, ya halarci walimar tsofaffin ɗalibai. Na uku, kuɗi. A jihohi da dama kocin babbar jami'ar gwamnati ya fi kowane ma'aikacin jihar albashi, har da gwamna, kuma kaso mai tsoka na kuɗin gina filaye da na sallamar koci daga aljihun attajiran magoya baya yake fitowa. Saboda haka ƙauna a wannan sana'a tana da amfani a zahiri. Ita ce garkuwar koci ranar da kaka ta lalace masa. Wanda ake so a ba shi uzuri, wanda ba a so a fara tara kuɗin sallamarsa.

Wasa ɗaya da ya fi sauran nauyi

Laifin Cooper a wurin mutanen Ohio ɗaya ne: Michigan. Cikin karawa 13 da ya yi da ita ya ci biyu, an cinye shi goma, an yi canjaras ɗaya. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda faɗuwar ta riƙa zuwa. A 1993 da 1995 da 1996 ƙungiyarsa ta isa wasan ƙarshe na kaka babu wanda ya doke ta, kuma duk sau ukun Michigan ce ta kife ta: 28 da nema, 31 da 23, sannan 13 da 9 a gaban jama'arta. A jami'ar da ake ba 'yan wasa ɗan abin wuya na zinare mai siffar wando duk lokacin da suka doke Michigan, al'adar da ta faro tun 1934, kuma ake bi ana toshe harafin M a allunan harabar makaranta a makon wasan, irin wannan tarihi ba ya wankuwa. Ga shi kuma Cooper haifaffen Tennessee ne da ya zo daga Arizona State, sai aka riƙa cewa bai taɓa fahimtar nauyin wasan ba.

Wanda ya gaje shi, Jim Tressel, ɗan Ohio ne, kuma ya gane inda gizo ke saƙa. Ranar da aka gabatar da shi ya yi wa jama'a alkawarin za su yi alfahari da 'yan wasansu a ranar wasan Michigan, har ya ƙirga musu kwanakin da suka rage. Ya je Ann Arbor, gidan Michigan, ya ci wasan a 2001, a kakar da ta biyo baya ya ɗauki kambun ƙasa.

Bayan shekara ashirin da wani abu tarihi ya kusa maimaita kansa da Ryan Day. Ya gaji Urban Meyer, wanda ya kara da Michigan sau bakwai ya ci duka. Day ya ci na 2019, sannan ya faɗi huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Na ƙarshen, 13 da 10 a Columbus a hannun Michigan mai rauni a waccan shekara, ya jawo ihun a kore shi, kuma rahotanni sun ce sai da aka sa masu gadi a gidansa saboda barazana. Makonni bakwai bayan haka ya doke Tennessee da Oregon da Texas da Notre Dame ya ɗauki kambun ƙasa, amma akwai waɗanda suka ci gaba da ƙirga masa bashin Michigan har zuwa Nuwamban 2025 da ya je ya doke ta 27 da 9.

James Franklin na Penn State bai samu irin wannan dama ba. Ya karɓi ƙungiyar a 2014 tana fama da takunkumi bayan abin kunyar da ya kawo ƙarshen zamanin tsohon kocinta Joe Paterno, ya farfaɗo da ita, ya ɗauki kambun Big Ten a 2016, ya kai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa a Janairun 2025. Ya ci wasa 104, ya faɗi 45. Amma alƙalamin da kowa ya haddace shi ne cewa cikin karawa 25 da ƙungiyoyin da ke sahun goma na farko, huɗu kawai ya ci. Da ya faɗi wasa uku a jere a kakar 2025 aka sallame shi a watan Oktoba, wata tara kacal bayan kakar da ya fi kusantar kambun ƙasa.

Gadon kujerar gwarzo

Rukuni na biyu su ne waɗanda suka hau kujera bayan wani da jama'a suka riga suka ɗauka uba. Earle Bruce ya gaji Woody Hayes a Ohio State a 1979, bayan an kori Hayes saboda ya naushi ɗan wasan Clemson ana tsakiyar wasa. Bruce ya ci 81, ya faɗi 26, kuma saɓanin Cooper ya ci Michigan sau biyar cikin tara. Amma kaka shida a jere, daga 1980 zuwa 1985, yana ƙarewa da nasara tara da faɗuwa uku, har wannan adadi ya zama sunan zolayarsa. An sanar da korarsa a 1987 ana saura kwanaki a kara da Michigan. 'Yan wasansa suka ɗaura ƙyalle mai ɗauke da sunansa a goshi, suka je suka ci wasan 23 da 20.

A Texas, Fred Akers ya gaji Darrell Royal mai kambun ƙasa uku. Royal na da wanda ya so ya gaje shi, mataimakinsa Mike Campbell, amma hukumar jami'a ta tsallake shi ta ɗauko Akers, wanda kuma tsohon ɗan wasan Arkansas ne, babbar abokiyar hamayyar Texas a lokacin. Daga 1977 zuwa 1986 Akers ya ci 86, ya faɗi 31. Sau biyu, a 1977 da 1983, ya gama kaka da nasara 11 babu faɗuwa, duk sau biyun kuma ya faɗi a wasan Cotton Bowl, na biyun da tazarar maki ɗaya. Kakar farko da faɗuwarsa ta fi cinsa yawa ita ce ta zama ta ƙarshe.

Wanda ya doke Akers a karon farko, Dan Devine na Notre Dame, shi ma yana cikin wannan jeri, duk da cewa wannan nasara ta 38 da 10 ita ce ta ba shi kambun ƙasa na 1977, tare da Joe Montana a matsayin mai jefa ƙwallo. Devine ya gaji Ara Parseghian, mutum mai fara'a da iya magana wanda ya ɗauki kambu a 1966 da 1973. Shi kuwa Devine miskili ne, ba ya jan mutane a jiki. Tun kafin ya ɗauki kambu an riƙa manna takardun neman a kore shi a jikin motoci. Ya yi kaka shida ya tafi da kansa. A 1993 kuma fim ɗin Rudy ya nuna shi a matsayin mugun kocin da sai da 'yan wasa suka yi masa bore kafin ya sa wani yaro a wasa, alhali boren bai taɓa faruwa ba. Matasa da yawa ta wannan fim suka san shi.

Frank Solich na Nebraska ya nuna cewa ko zama ɗan gida bai isa ya fitar da mutum daga wannan hali ba. Tsohon ɗan wasan jami'ar ne, ya shekara 19 yana mataimakin Tom Osborne, kuma Osborne ne da kansa ya zaɓe shi. Amma Osborne ya bar aiki ne bayan ya ɗauki kambun ƙasa a 1994 da 1995 da 1997, ya kuma ci wasa 60 cikin 63 na kakarsa biyar na ƙarshe. Babu ɗan Adam ɗin da zai iya riƙe wannan mizani. Solich ya ɗauki kambun Big 12 a 1999, ya kai wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2002 inda Miami ta doke shi, ya ci 58 ya faɗi 19. An sallame shi a 2003 bayan kakar da ya ci tara ya faɗi uku, daraktan wasanni Steve Pederson yana cewa ba zai zura ido ƙungiyar ta zama gama-gari ba. Abin da aka manta shi ne Osborne ɗin ma ya sha irin wannan ƙorafi a farkon aikinsa saboda Oklahoma ta riƙa doke shi, kuma sai da ya shekara sama da ashirin kafin ya ɗauki kambu na farko.

Baƙo baƙo ne

A Alabama tambayar da aka riƙa yi wa duk wanda ya zo bayan Paul Bryant ita ce: ka taɓa zama ƙarƙashinsa? Bryant ya riƙe ƙungiyar daga 1958 zuwa 1982 ya ɗauki kambun ƙasa shida. Bill Curry, wanda aka naɗa a 1987, bai taɓa yi masa wasa ko aiki ba. Ƙari a kan haka, ɗan Georgia Tech ne, almajirin Bobby Dodd, wanda suka daɗe ba sa ga-maciji da Bryant. Curry ya ci 26 ya faɗi 10 cikin kaka uku, a 1989 ya ci wasa goma a jere ya raba kambun gasar SEC. Amma sau uku ya kara da Auburn, babbar abokiyar hamayyar Alabama, sau uku ta doke shi. A 1988, bayan faɗuwa a hannun Ole Miss a gida, an jefi tagar ofishinsa da bulo. Ƙarshenta shi ya tattara ya koma Kentucky, ƙungiyar da ba ta kama ƙafar Alabama ba. Wanda ya gaje shi, Gene Stallings, tsohon ɗan wasan Bryant ne. Ya faɗi wasanninsa uku na farko aka yi masa haƙuri, a 1992 ya ɗauki kambun ƙasa.

Masu kallon Firimiya sun ga kwatankwacin haka a 2012, lokacin da Chelsea ta ɗauko Rafael Benitez. Magoya baya sun yi masa ihu tun wasan farko saboda tsohon kocin Liverpool ne, kuma kofin Europa da ya ɗauko musu bai sauya ra'ayin da yawa daga cikinsu ba. Hausawa sun ce maƙiyinka ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura.

Inda hali ya ja wa mai shi

Ba kowane ne aka zalunta ba. Akwai waɗanda da hannunsu suka rufe ƙofar da ƙauna za ta shigo. Bo Pelini ya yi kaka bakwai a Nebraska, daga 2008 zuwa 2014, bai taɓa cin ƙasa da wasa tara ba, jimilla 66 da 27. 'Yan wasansa sun so shi ƙwarai. Amma an saba ganinsa a talabijin yana zazzaga wa alƙalan wasa da 'yan wasansa masifa, kuma a manyan wasanni akan yi masa cin kaca, kamar 70 da 31 da Wisconsin ta yi masa a wasan ƙarshe na Big Ten a 2012. A 2013 aka fitar da wata murya da aka naɗa a ɓoye shekara biyu kafin nan, yana ɗura wa magoya bayan ƙungiyar ashar. A jihar da ke taƙama da ladabi da karrama baƙi, har ana tafa wa ƙungiyar da ta zo ta yi wasa, wannan ya fi faɗuwar wasa zafi.

Brian Kelly shi ne misali mafi girma. A takarda ya dace da Notre Dame ta kowace fuska: ɗan Katolika ne mai asalin Ayilan, ga jami'ar Katolika ce da ke alfahari da wannan asali. Daga 2010 zuwa 2021 ya ci wasa 113 a fili, ya wuce tsohon kocinta Knute Rockne mai 105, ko da yake hukumar NCAA ta soke 21 daga ciki saboda maguɗin karatu da ya shafi wasu 'yan wasa. Sau uku ya kai ƙungiyar dab da kambun ƙasa, sau uku aka lallasa ta: Alabama 42 da 14, Clemson 30 da 3, Alabama kuma 31 da 14. Jama'a sun yarda ƙwararre ne, amma suna ganinsa mutum mai ɗora laifi a kan wasu, wanda ke kallon aiki a matsayin tsani. Shi kuma ya tabbatar musu da zarginsu. A 2009 ya bar Cincinnati tana da nasara 12 babu faɗuwa, kafin babban wasanta na ƙarshe. A ƙarshen Nuwamban 2021 ya bar Notre Dame tana da 11 da 1 kuma tana jiran ko za a zaɓe ta cikin huɗun ƙarshe, ya koma jami'ar LSU ta jihar Louisiana kan kwantiragin shekara goma na dala miliyan 95. 'Yan wasansa a kafafen labarai suka fara jin labari, sannan saƙon waya ya biyo baya.

A Louisiana kuma da zuwansa ya tsaya gaban jama'a yana kwaikwayon karin harshen mutanen kudu, shi da aka haifa a Massachusetts, abin ya zama abin dariya a duk ƙasar. Kociyoyi uku da suka gabace shi, Nick Saban da Les Miles da Ed Orgeron, kowanne ya ɗauki kambun ƙasa a LSU. Kelly ya ci 34 ya faɗi 14 aka sallame shi a Oktoban 2025. A can Notre Dame kuwa, magajinsa Marcus Freeman ya faɗi wasanninsa uku na farko, har da wanda ƙaramar ƙungiyar Marshall ta doke shi a gida, amma jama'a ba su juya masa baya ba.

Akwai kuma waɗanda aka hana yabo da cewa da 'yan wasan wani suka ci. Larry Coker ya ɗauki kambun ƙasa da Miami a 2001 a kakarsa ta farko, ya ci wasa 24 a jere, amma aka ce Butch Davis, kocin da ya gada, shi ne ya tara masa ƙungiyar. Gene Chizik ya ɗauki na 2010 da Auburn ba tare da faɗuwa ko ɗaya ba, aka ce aikin ɗan wasansa Cam Newton ne. Kaka biyu bayan nan aka kore shi.

Shin magoya baya na da gaskiya?

Abu ne mai sauƙi a kira duk wannan butulci, amma adalci bai yarda ba. Mai goyon baya ba akawu ba ne da zai zauna yana tara lambobi. Da yawa daga wasannin da manyan jami'o'i ke ci, da ƙananan ƙungiyoyi ake buga su, waɗanda wani lokaci har biyansu ake yi su zo. Kocin da ke da 'yan wasa mafi kyau da kuɗi mafi yawa, cin wasa tara a kaka ba bajinta ba ce a wurinsa. Ana gane shi ne a wasa biyu ko uku da ake ƙarfi ɗaya. Mutumin Ohio kuma da maƙwabcinsa ko abokin aikinsa ɗan Michigan yake zaune shekara guda cur, yana shan gori har wasa na gaba. Idan ya ce wannan wasa ya fi masa sauran goma sha ɗaya, ba shirme yake yi ba.

Wani lokaci kuma sakamako kan gaskata su. Ohio State ta sallami Cooper ta samu Tressel da kambu. Georgia ta raba gari da Mark Richt a 2015, mutumin da ya ci 145 ya faɗi 51 kuma ake girmama shi saboda halinsa, ta ɗauko Kirby Smart, wanda ya kawo mata kambun ƙasa a 2021 da 2022, na farko tun 1980.

Sai dai ga ɗaya ɓangaren. Bayan Solich, Nebraska ta ɗauko Bill Callahan, a kakarsa ta farko ƙungiyar ta yi faɗuwar da ta fi ci yawa, abin da rabonta da shi tun 1961. Bayan Pelini ta ɗauko Mike Riley, mutum mai sanyin hali, ya ci 19 ya faɗi 19. Sannan ta samu wanda zuciyarta ke muradi: Scott Frost, haifaffen jihar, wanda ya ja ragamar ƙungiyar a fili lokacin da ta ɗauki kambun 1997, kuma ya fito daga kakar da ya ci wasa 13 babu faɗuwa a matsayin kocin jami'ar UCF. An tarbe shi kamar mai ceto. Ya ci 16 ya faɗi 31, kuma so hana ganin laifi, sai da ya shiga kaka ta biyar kafin a sallame shi, aka kuma biya shi dala miliyan 15. Wanda ya ci kashi uku cikin huɗu an kore shi, wanda ya ci kashi ɗaya cikin uku an yi ta ba shi uzuri.

Bambancin Ohio da Georgia a gefe guda da Nebraska a ɗaya gefen ba na sa'a ba ne kawai. Ohio da Georgia jihohi ne masu yawan jama'a da ke fitar da haziƙan 'yan wasan sakandare duk shekara. Kocin da ya kasa kai wa ƙololuwa a can, akwai dalilin a ce gazawar tasa ce. Nebraska kuwa mutanenta kusan miliyan biyu ne, tana nesa da inda 'yan wasa suka fi yawa, kuma abubuwan da suka ɗaga ta a zamanin Osborne, kamar fin kowa a horon ƙarfin jiki da yawan fitowa a talabijin, yanzu kowa ya same su. Nasara tara a kaka na iya zama kusan iyakar abin da gidan zai iya. Magoya baya suka ɗauki iyakar gida a matsayin iyakar koci.

Darasin ke nan. Ƙauna haƙƙin magoya baya ce, su ba wanda suka ga dama su hana wanda suka ga dama, kuma babu kocin da zai ce an cuce shi don ba a rera waƙa da sunansa ba, balle wanda ke karɓar miliyoyin daloli. Kocin da ya raina al'adar gida ko ya zagi masu biyansa, shi ya saya da kuɗinsa. Amma hukuncin sallama wani abu ne daban, kuma aikin shugabannin jami'a ne su raba shi da ihun fili. Kafin su ɗauki alƙalami ya kamata su tambayi kansu ko gazawar ta koci ce ko ta gidan, kuma wane ne a hannu da ya fi shi. Inda aka bar rashin ƙauna ya amsa waɗannan tambayoyi, jama'ar da suka yi ihun su ne ke biyan farashi. Nebraska ta gayyato Solich a 2023 ta karrama shi a gaban dubban mutane, shekara ashirin bayan ta kore shi. Kambun gasa na ƙarshe da ta ɗauka har yau shi ne wanda ya ɗauko mata a 1999.